FASHIN BAƘI: Yadda ake gane yaro mai galahanga yana saurare ko da bai kalli mai magana ba

Ana kiran yaro ɗan shekara huɗu a tsakar gida. An kira sau ɗaya, an kira sau uku, bai ɗago kai ba. Yana zaune yana jera marafan kwalabe a layi, kamar shi kaɗai ne a gidan. Can sai mahaifiyarsa ta ce wa yayarsa ta ɗauko mayafi, za su je gidan kaka. Kafin yayar ta fito daga ɗaki, yaron ya ɗauko takalminsa ya tsaya a bakin zaure.

Iyayen da ke rainon yara masu lalurar galahanga sun saba da irin wannan. Yaron da aka yanke wa hukuncin cewa ba ya ji kuma ba ya gane komai, shi ne zai nuna daga baya cewa babu abin da ya wuce shi. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, kuma da wannan ma'auni ake auna yara a gida da makaranta. Wanda ya kalli malami, ya amsa da sauri, ya zauna bai motsa ba, shi ake ɗauka yana bin darasi. Yaro mai galahanga yakan faɗi wannan jarabawa ko da hankalinsa na wurin.

Kuskuren yana da tsada. A gida a ce yaron dolo ne ko mai taurin kai. A makaranta ya sha bulala, daga bisani a ce wa iyayensa su ɗauke shi. A unguwa a ce shafar aljanu ce, wasu ma su kira shi ɗan ruwa. Abin da ya fi kowanne illa shi ne a daina yi masa magana, tunda an riga an ɗauka ba ya ji, alhali da maganar da ake yi masa ne harshensa zai ginu.

Mece ce galahanga?

A bakin jama'a, kalmar galahanga kan haɗa laluran yara daban-daban. Wadda ake magana a kanta a nan ita ce wadda likitoci ke kira otizim, wato bambanci a yadda ƙwaƙwalwa ke girma, wanda ke shafar hulɗa da mutane, da sadarwa, da yadda jiki ke karɓar ƙara da haske da taɓawa. Likitan ƙwaƙwalwar yara Leo Kanner na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka ne ya bayyana ta a 1943, bayan ya yi nazarin yara 11. Bincike ya nuna gado na da babban kaso a cikinta. Tarbiyyar iyaye ba ta haddasa ta, allurar rigakafi ma haka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa kimanin yaro ɗaya cikin 100 a duniya na da lalurar, ta kuma ce ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da dama ba su da alƙaluma. A Amurka, inda ake tantance yara sosai, hukumar daƙile cututtuka ta ƙasar ta fitar da rahoto a 2025 cewa ɗaya cikin yara 31 masu shekara takwas na da ita. An fi gano ta a yara maza, ninki uku zuwa huɗu, sai dai 'yan mata na yawan wucewa ba a lura da su ba. A ƙasar Hausa ma yarinya mai yawan shiru yabo take samu, a ce mai kunya ce.

Yaran ba iri ɗaya ba ne. Wani yana magana tiryan-tiryan, wani kalmominsa kaɗan ne, wani ba ya magana sam. Masana sun ƙiyasta cewa kusan kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na yaran ba sa magana ko kuma maganarsu 'yar kaɗan ce. Waɗannan ne aka fi yi wa mummunar fahimta.

Dalilin da ya sa ido ba ma'auni ba ne

A 2013, Warren Jones da Ami Klin na Jami'ar Emory da ke Atlanta sun wallafa bincike a mujallar Nature, inda suka bi motsin idon jarirai da na'ura. Sun gano cewa jariran da daga baya aka tabbatar suna da galahanga sun fara rayuwa suna kallon idon mutane kamar sauran jarirai, sai kallon ya riƙa raguwa tsakanin wata biyu zuwa wata shida.

Masana na da bayani biyu kan abin da ke biyo baya. Wani nazari daga wannan jami'a a 2017 ya nuna cewa yara 'yan shekara biyu masu lalurar ba gudun ido suke yi ba, kawai ba su samun bayanin da sauran yara ke samu daga gare shi, don haka suke neman sa a wani wuri. A shekarar dai, Nouchine Hadjikhani da abokan aikinta sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar matasa da manya masu lalurar, suka ga cewa idan aka tilasta musu kafa ido a idon mutum, wasu sassan ƙwaƙwalwa masu alaƙa da firgici na yin aiki fiye da kima. Manya da yawa masu galahanga suna faɗa da bakinsu cewa idan suka dage da kallon ido, maganar da ake yi musu ce ke kuɓuce musu.

Kauda ido ma wata hanya ce ta yin tunani. Binciken Gwyneth Doherty-Sneddon a Birtaniya ya nuna cewa yara, masu lalurar da marasa ita, sukan ɗauke kai daga fuskar mai tambaya idan tambayar ta yi wuya, domin su sami sararin nazari.

Wannan bai kamata ya zama baƙon abu ga Bahaushe ba. Yaron da aka yi wa tarbiyya, idan babba na yi masa magana, kansa yake sunkuyarwa, kuma babu wanda ke cewa bai ji ba. A makarantar allo, ɗalibai na rangaji gaba da baya suna karatu, kuma babu malamin da ke cewa rangajin ya hana hadda zama. Al'ada ta riga ta yarda cewa ana saurare ba tare da haɗa ido ba, ana kuma karatu jiki na motsi. Abin da ya rage shi ne a yi wa yaro mai galahanga irin wannan adalci.

Alamomin da ake dubawa

Ta farko ita ce canji a abin da yaron ke yi. Idan yana jujjuya tayar motar wasa, aka yi magana, hannunsa ya tsaya na ɗan lokaci ko ya rage sauri, saƙon ya isa. Haka idan yana gunaguni ya yi shiru, ko ya karkato da kunne, ko ya juyo da kafaɗa wajen mai magana.

Ta biyu ita ce satar kallo. Yara da yawa kan duba mutum ta wutsiyar ido, ko su kalli bakinsa ko hannunsa, ko su ɗago na ƙiftawar ido su mayar da kai. Wanda ke jiran cikakken kallo ba zai ga waɗannan ba.

Ta uku ita ce kusanci. Yaron da ya bar ɗaki ya zo ya zauna kusa da inda ake hira, ko da ya ba mutane baya, ya zaɓi kasancewa tare da su ne. Wanda ya jingina da mahaifiyarsa tana tankaɗe, ko yake wasa a gefen sauran yara da irin kayan wasansu, ya shiga cikinsu gwargwadon yadda zai iya.

Ta huɗu ita ce amfani da jiki a madadin baki. Yaro ya kama hannun babba ya ja shi zuwa randa, ko ya ɗora hannun a kan marfin kwano, ko ya kawo kofi ya ajiye a cinya. Jan hannu na cikin abubuwan da likitoci ke dubawa wajen gano lalurar, amma kuma saƙo ne cikakke: yaron ya san abin da yake so, ya san wanda zai iya ba shi. Haka ture cokali ko juya baya, amsa ce, ma'anarta a'a.

Ta biyar ita ce maimaita magana. A ce wa yaro, "Kana son kunu?" shi ma ya ce, "Kana son kunu?" An daɗe ana ɗaukar wannan a matsayin surutun aku. A 1981, Barry Prizant da Judith Duchan suka yi nazarin irin wannan maimaici, suka ware ayyuka bakwai da yake yi, ciki har da cewa e, da roƙo, da karɓar juyin magana, da bitar kalmomi kafin a fahimce su. Yaron da kullum yake rera wata tallar rediyo idan za a fita, mai yiwuwa ya haɗa tallar da fita ne, ita ce hanyarsa ta cewa a tafi.

Ta shida ita ce amsar da ta makara. Wasu yaran na bukatar lokaci kafin magana ta zauna musu. Idan babba ya ga shiru ya sake tambayar da wasu kalmomi, ya mayar da aikin farko. Masu horar da iyaye kan ba da shawarar a yi magana gajera, a jira daƙiƙa shida zuwa goma. Wani lokaci ma shaidar sauraro sai washegari take fitowa, a ji yaro yana rera waƙar da aka koyar a aji ranar da ya wuni yana kallon taga.

Sai motsin jiki, kamar karkaɗa hannuwa, da rangaji, da tsalle, da murza wani abu a yatsu. Manya masu galahanga sun shaida wa masu bincike cewa waɗannan motsi na taimaka musu su natsu idan hayaniya ko murna ko damuwa ta yi yawa. Idan motsin ba ya cutar da yaron ko wani, hana shi kan cinye ƙarfin da zai yi sauraro da shi. Yakan zama ma labari: karkaɗa hannun da ke ƙaruwa idan an fara wata waƙa alama ce cewa waƙar ta shiga.

Babu yaron da ke nuna duka waɗannan alamomi, kuma alama ɗaya na iya nufin abu biyu a yara biyu. Shi ya sa uwa ko yayar da ke wuni da yaro ta fi baƙon ƙwararre sanin yarensa, kuma likitan da ya san aikinsa daga wurinsu yake fara tambaya.

Matakan shiga hulɗa

A 1984, Roger Bakeman da Lauren Adamson na Jami'ar Jihar Georgia a Amurka sun tsara matakan da jarirai ke bi wajen shiga hulɗa, daga baya aka yi amfani da su a binciken galahanga. Akwai lokacin da yaro bai kama komai ba. Akwai lokacin da yake kallon abin da wani ke yi. Akwai lokacin da hankalinsa ke kan abu kaɗai, ko kan mutum kaɗai. Sai matakin da shi da babba ke wasa da abu ɗaya ba tare da ya waiwayi babban ba. Na ƙarshe shi ne inda yake duban abin, ya dubi mutumin, ya koma kan abin, wato suna tarayya a hankali guda.

Amfanin wannan tsari shi ne ya nuna akwai tsani tsakanin "ba ya kula kowa" da "yana hulɗa". Yaron da ya bari aka miƙa masa marfi na gaba yana jera su, ya karɓa ya sa a layi, yana kan mataki na kusa da ƙarshe. Wannan tarayyar hankali ce masana irin su Connie Kasari ta Jami'ar California da ke Los Angeles suka nuna tana da alaƙa da bunƙasar harshe daga baya, kuma ana iya koyar da ita ta hanyar wasa. Ƙofar shiga ita ce abin da yaron ya riga ya so. Idan marafai ne, da marafai za a fara.

Inda shiru ke nufin wani abu daban

Ba kowane shiru ne sauraro ba, kuma ruɗa su na da haɗari. Yaron da ya toshe kunne, ya runtse ido, ya ƙanƙame jiki ko ya shige ƙarƙashin benci, abin ya fi ƙarfinsa ne. Ƙarar janareto, injin markaɗe, lasifikar biki ko aji mai cunkoso na iya kai shi nan. A wannan hali rage hayaniya yake bukata, ƙarin magana ƙara masa nauyi take yi.

Akwai kuma farfaɗiya, wadda ta fi yawa a masu galahanga fiye da sauran jama'a. Wani nau'inta ba ya kayar da mutum: yaro zai ƙame na 'yan daƙiƙoƙi, ido a buɗe, a taɓa shi bai motsa ba, sannan ya ci gaba kamar ba a yi komai ba. Wanda hankalinsa ya tafi wani wuri yakan dawo idan an taɓa shi. Wanda bai dawo ba, asibiti ya kamata a kai shi.

Gwajin ji ma wajibi ne ga duk yaron da ba ya amsa sunansa, musamman a yankin da sanƙarau da ƙyanda da ciwon kunne ke kurmantar da yara. Haka nan ƙarancin barci, ciwon haƙori da taurin bayan gida na iya dusar da yaron da ba shi da bakin faɗa. Idan yaro ya kai wata 12 ba ya waiwayowa ga sunansa, ko wata 18 ba ya nuni da yatsa don a ga abin da ya gani, ko ya rasa kalmomin da ya riga ya iya, lokacin ganin likitan yara ya yi. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka na ba da shawarar a tantance kowane yaro a wata 18 da wata 24.

Gane alamomi kuma bai ba kowa damar sa wa yaro magana a baki ba. An taɓa yayata wata hanya da babba ke riƙe hannun yaro yana nuna haruffa, ana cewa yaron ne ke rubutu. Gwaje-gwaje suka nuna cewa mai riƙe hannun ne ke samar da saƙon ba tare da ya sani ba, manyan ƙungiyoyin ƙwararru suka yi watsi da ita. Alamar gaskiya daga yaron take fitowa, tana maimaituwa, kuma wani mutum daban zai iya ganinta.

Ana iya koyon wannan gani

Hujja mafi ƙarfi ta fito daga Birtaniya. Jonathan Green na Jami'ar Manchester ya jagoranci gwaji da yara 152 masu shekara biyu zuwa huɗu. Maimakon a horar da yaran, iyaye aka horar. Ana ɗaukar bidiyonsu suna wasa da 'ya'yansu, sai su zauna da ƙwararre su kalla, a nuna musu inda yaron ya yi yunƙurin sadarwa ba su lura ba. Sakamakon farko da mujallar Lancet ta wallafa a 2010 ya nuna iyaye sun ƙara dacewa da 'ya'yansu, yaran kuma sun ƙara fara sadarwa da kansu, duk da cewa tsananin lalurar bai sauya sosai ba a lokacin. Da aka sake bibiyarsu bayan kusan shekara shida, rahoton 2016 ya nuna tsananin alamomin ya ragu a yaran da aka horar da iyayensu, ko da yake gwajin harshe bai nuna bambanci ba.

An gwada wannan hanya a Goa ta Indiya da Rawalpindi ta Pakistan, inda ma'aikatan lafiya da ba ƙwararru ba suka gudanar da ita a ƙarƙashin kulawar ƙwararru, kuma yaran suka ƙara fara sadarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da shirin horar da masu rainon yara 'yan shekara biyu zuwa tara masu jinkirin girma, wanda aka gwada a ƙasashe sama da 30, ciki har da Habasha da Kenya. Darasin a fili yake: aikin na bukatar mutanen da aka horar da wayar da ke ɗaukar bidiyo fiye da yadda yake bukatar gini da na'urori masu tsada.

Inda doka ta tsaya

A Janairun 2019, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan Dokar Hana Wariya ga Masu Bukata ta Musamman ta 2018. Dokar ta ba su 'yancin ilimi kyauta har zuwa sakandare, ta kuma ce makarantun gwamnati su zama na kowa da kowa, kowace da aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar don kula da karatunsu. Ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna wariya, da naira miliyan ɗaya ga kamfani ko hukuma. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa da za ta sa ido kan aiwatar da ita.

Makarantun firamare da cibiyoyin lafiya na matakin farko kuwa a hannun jihohi da ƙananan hukumomi suke, kuma a nan ne yaro mai galahanga ke fara haɗuwa da gwamnati. A tsarin rabon kuɗin hukumar ilimin bai-ɗaya ta UBEC da aka daɗe ana amfani da shi, kashi biyu cikin ɗari ake ware wa ilimin masu bukata ta musamman. Wuraren horarwa ma akwai su: Kwalejin Ilimi ta Musamman ta Tarayya da ke Oyo, da sassan ilimi na musamman a Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Jos. Asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, su ne inda iyaye da yawa ke zuwa neman tabbaci, wasu bayan tafiya mai nisa.

Tambayoyin da ke gaban majalisun jihohi da hukumomin SUBEB masu sauƙin faɗa ne. Makarantu nawa ne ke da ma'aikacin da doka ta ce a samar? Ina kason ilimi na musamman yake shiga? Ma'aikaciyar da ke auna nauyin jariri ranar rigakafi, an koya mata ta tambayi uwa ko ɗanta na amsa sunansa, yana nuni da yatsa?

Tun 2008 ake bikin ranar wayar da kai kan galahanga a kowace 2 ga Afrilu, bisa ƙudurin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar a 2007. Tattaki da jawabai na ranar kan ƙare da yamma. Washegari yaron nan mai jera marafai zai koma aji, malami ya kira sunansa, hannunsa ya tsaya na daƙiƙa ɗaya a kan marfi. Ko malamin zai ga tsayawar hannun ya ci gaba da yi masa magana, ko zai ɗauko bulala, ya danganta da horon da aka ba shi.